Fuskar jarumi tasa ce ko ta kamfani? Labarin 'yan wasan Back to the Future

A 2025 fim ɗin Back to the Future ya cika shekara 40 da fitowa, aka sake haska shi a gidajen sinima na Amurka, tsofaffin tambayoyi kuma suka dawo. Tunda yanzu kwamfuta na iya mayar da tsoho saurayi, me ya hana a yi kashi na huɗu? Me ya sa a kashi na biyu uban Marty, jarumin labarin, yake rataye kai a ƙasa, ko kuma ya juya wa kyamara baya? Ina sauran 'yan wasan suka shiga bayan 1990?

A farkon shekarar ta 2025 ne kuma wasu dokoki biyu na jihar Kalifoniya suka fara aiki, waɗanda suka taƙaita yadda kamfanonin fim za su iya kwaikwayon fuska da muryar ɗan wasa da na'ura. Masu bayanin dokokin sukan ambaci wannan tsohon fim, abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Alaƙar tana cikin rayuwar 'yan wasan ne.

Yadda labarin ya tilasta a ɗauki zubin fuska

Robert Zemeckis ne daraktan fim ɗin, shi da Bob Gale suka rubuta labarin, kamfanin Universal ya fitar da shi ranar 3 ga Yulin 1985. An kashe kimanin dala miliyan 19, ya kawo sama da miliyan 380 a duniya, babu fim ɗin da ya kai shi ciniki a shekarar. Kashi na biyu ya fito a Nuwamban 1989, na uku a Mayun 1990, kuma a jere aka ɗauke su.

Labarin wani ɗan sakandare ne, Marty McFly, da abokinsa dattijon masanin kimiyya Doc Brown, wanda ya mayar da mota ƙirar DeLorean na'urar tsallaka zamani. Marty ya faɗa 1955, ya tarar da iyayensa suna saurayi da budurwa, har ya kusa ɓata haɗuwarsu. Daga nan aka leƙa 2015, aka koma 1885.

Irin wannan labari yana ɗora wa 'yan wasa aikin da ba a saba gani ba. Mutum ɗaya zai fito yana ɗan shekara 17, ya fito yana ɗan 47, wani lokaci ya fito a matsayin kakansa ko jikansa. Lea Thompson, wadda ta fito uwar Marty, kwana tara kacal ta ba Michael J. Fox, wanda ya fito Marty, a haihuwa. Crispin Glover, wanda ya fito uban Marty, Fox ya girme shi da kusan shekara uku. Domin a tsufar da su, sai masu kwalliya suka ɗauki zubin fuskokinsu, suka ƙera fatar roba a kai. Wannan zubi da aka ajiye a ɗakin kwalliya shi ne ya zama sanadin shari'a bayan shekara biyar.

Abu biyu ake yawan cakuɗawa a nan. Kamfani ne ke da mallakar fim da labarinsa da mutanen cikin labarin, wato George McFly, uban Marty, na Universal ne. Amma fuska da murya da sunan wanda ya fito a matsayin George nasa ne, kuma a Amurka dokokin jihohi ne ke kare wannan haƙƙi, kowace jiha da nata tsarin. Akwai kuma matsala ta uku da babu dokar da ke maganinta, ita ce rawar da jarumi ya taka ta manne masa har mutane su daina ganinsa sai ita. Masu kallon fina-finan Hausa sun san wannan sarai: mutane nawa ne ke kiran marigayi Rabilu Musa da sunansa na yanka, ba Ibro ba?

Makonni shida da aka zubar

Tun farko Fox ake so ya fito Marty, amma yana ɗaure da shirin talabijin na Family Ties, furodusan shirin Gary David Goldberg kuma ya ƙi sakinsa. Sai aka ɗauki Eric Stoltz, wanda shugaban kamfanin na lokacin, Sid Sheinberg, yake goyon baya. An fara ɗauka a ƙarshen Nuwamban 1984. Bayan kimanin mako shida Zemeckis da Gale suka duba abin da aka ɗauka suka ga ba ya ba da dariya. Ba su ce Stoltz bai iya wasa ba, cewa suka yi ya ɗauki labarin a matsayin abin tausayi alhali su barkwanci suke nema. A Janairun 1985 aka sallame shi, aka sake ɗaukar wuraren da asarar miliyoyin daloli.

Sharaɗin da aka gindaya kafin a saki Fox shi ne kada shirin talabijin ya tsaya. Don haka ya riƙa yin Family Ties da rana, da dare a ɗauke shi zuwa wajen fim har gab da asuba, na tsawon watanni.

Canjin ya ci wata da ba ta ji ba ba ta gani ba. Melora Hardin, wadda aka zaɓa ta fito budurwar Marty, ta rasa aikin saboda ta fi Fox tsawo. Daga baya ta yi suna a shirin The Office. Shi ma Stoltz bai ɓace ba. A shekarar da aka sallame shi fim ɗinsa Mask ya fito, aka saka shi cikin masu neman lambar Golden Globe, ya fito a Pulp Fiction a 1994, sannan ya koma ba da umarni a shirye-shiryen talabijin. Wani hanin ga Allah baiwa ne, domin shi dai babu mai tare shi a titi yana kiransa Marty.

Fox, tsakanin ɗaukaka da ciwo

Fox ɗan Kanada ne, an haife shi a Edmonton a 1961. Bayan fim ɗin farko ya zama ɗaya daga cikin matasan jarumai mafi farin jini a Amurka, ya ci lambar Emmy ta shirye-shiryen talabijin sau uku a jere a kan Family Ties. Ya yi ƙoƙarin fita daga rigar yaro mai barkwanci da fina-finai masu nauyi, irin su Casualties of War na 1989 a kan yaƙin Biyetnam, amma masu kallo ba su bi shi can da yawa ba.

Yana aikin fim ɗin Doc Hollywood ya lura ƙaramin yatsansa na karkarwa. A 1991, yana ɗan shekara 29, likitoci suka tabbatar masa da cutar Parkinson, wadda ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsin jiki, kuma galibi tsofaffi take kamawa. Ya ɓoye maganar shekara bakwai yana aiki, sai a 1998 ya bayyana wa duniya. A 2000 ya bar shirinsa na Spin City ya kafa gidauniyar bincike a kan cutar, wadda zuwa yanzu ta zuba sama da dala biliyan 2 a binciken. A 2023 wani bincike da gidauniyar ta ɗauki nauyi ya tabbatar da hanyar gano alamar cutar a ruwan laka tun kafin karkarwa ta bayyana.

Abin lura a aikin Fox na baya-bayan nan shi ne ya daina ɓoye karkarwar, ya sa ta cikin rawar. A shirin The Good Wife ya fito wani lauya mai wayo da ke amfani da larurarsa don samun tausayin kotu. A 2020 ya ce ya ajiye wasa domin haddace magana ta fara yi masa wuya, a 2025 kuma aka sanar zai fito a shirin Shrinking. An ba shi lambar girmamawa ta Oscar kan ayyukan jinƙai a 2022, Shugaba Joe Biden kuma ya ba shi babbar lambar yabo ta farar hula a Janairun 2025.

Waɗanda suka zauna da rawar lafiya, da wanda ta dama

Christopher Lloyd, wanda ya fito Doc Brown, ya shigo da sunansa. Yana da shekara 46 lokacin ɗaukar fim ɗin, ya riga ya ci Emmy biyu a shirin Taxi. Shi ɗan wasa ne irin mai sauya kama, ba mai neman a ce masa jarumin fim ba, don haka Doc Brown bai rufe masa ƙofa ba. Ya fito mugun alƙali a Who Framed Roger Rabbit a 1988, ya fito Uncle Fester a The Addams Family a 1991, kuma ya haura shekara 85 yana aiki. Da yake an tsufar da shi tun a 1985, masu kallo da dama suna ganin kamar bai canza ba.

Lea Thompson ta yi tuntuɓe nan da nan: Howard the Duck na 1986 ya faɗi warwas a kasuwa. Talabijin ce ta ɗaga ta, da shirin Caroline in the City daga 1995 zuwa 1999, sai Switched at Birth daga 2011. Kamar mata da yawa a Hollywood da manyan rawa ke raguwa musu da shekaru, ta koma bayan kyamara. Ta ba da umarni a shirye-shirye da dama, har da sassa biyu na Star Trek: Picard a 2022, a zangon da shi ma labarin tsallaka zamani ne. A 1987 ta yi Some Kind of Wonderful tare da Stoltz ɗin da aka sallama, kuma daraktan fim ɗin, Howard Deutch, shi ta aura.

Thomas F. Wilson ne rawar ta fi mannewa. Ya fito Biff Tannen azzalumi, da jikansa Griff, da kakan gidansu ɗan bindiga Buford. Asalinsa mai barkwanci ne a kan dandamali, amma shekara da shekaru tambaya ɗaya ake masa, har ya buga kati mai ɗauke da amsoshi yana miƙa wa masu tare shi, ya kuma tsara waƙar barkwanci a kan tambayoyin. Aikin da ya fi yi masa albarka daga baya shi ne sa murya a zane mai motsi, irin su SpongeBob, inda ba a ganin fuskar Biff.

Budurwar Marty kuwa mutum biyu ce. Claudia Wells ta fito a kashi na farko, ta janye saboda mahaifiyarta ta kamu da ciwon daji. Aka ɗauko Elisabeth Shue, aka sake ɗaukar fitowar ƙarshe ta fim na farko da ita don buɗe na biyu. Babu wanda ya kai ƙara, domin ba a yi ƙoƙarin sa Shue ta yi kama da Wells ba. Shue ta ci gaba har ta shiga takarar Oscar da Leaving Las Vegas na 1995.

Rigimar Crispin Glover

Da aka zo kashi na biyu, Glover da masu fim ba su daidaita ba, kuma har yau kowane ɓangare da nasa bayanin. Bob Gale ya sha cewa Glover ya nemi kuɗin da ya wuce matsayinsa a lokacin. Glover ya ce an yi masa tayin da bai kai na Thompson da Wilson ba, kuma yana ganin hukunci ne aka yi masa saboda ya soki ƙarshen fim na farko, inda aka nuna gyaruwar iyalin McFly da dukiya da sabuwar mota, kamar a ce kuɗi ne farin ciki.

Marubutan suka rage George a labarin, har suka kashe shi a wani sashe. Inda ba makawa sai ya fito, sai aka ɗauko wani ɗan wasa, Jeffrey Weissman, aka manna masa hanci da haɓa da kumatun roba da aka ƙera daga zubin fuskar Glover. Aka rataye shi kai a ƙasa da sunan ciwon baya, aka sa masa tabarau, aka ɗauke shi daga nesa, sannan aka sarƙa da tsofaffin hotunan Glover na fim na farko. Masu kallo da yawa sun fita sinima suna zaton Glover suka gani.

A 1990 Glover ya kai Universal ƙara. Hujjar kamfani ita ce George McFly mallakarsa ne, yana da ikon ci gaba da labarinsa, kuma canza ɗan wasa abu ne da aka saba. Hujjar Glover ita ce bai hana kowa fitowa a matsayin George ba, abin da bai yarda ba shi ne a ɗora fuskarsa a kan wani a sa mutane su ɗauka shi ne, ba da izininsa ba, ba kuma da biya ba. Ya ƙara da cewa idan wasan bai yi kyau ba, sunansa ne zai ɓaci.

An sasanta a wajen kotu, rahotanni suka ce an biya shi dala 760,000. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: tunda sasantawa aka yi, babu hukuncin alƙali da ya zama madogara ga sauran kotuna. Tasirin shari'ar ya bi ta hanyar lauyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ne, waɗanda suka riƙa kafa misali da ita wajen tsaurara sharuɗɗan amfani da kamannin ɗan wasa.

Glover ya ci gaba da fitowa a matsayin mutane masu baƙin hali ko ban mamaki, a Charlie's Angels na 2000 da Willard na 2003, yana amfani da kuɗin wajen shirya nasa ƙananan fina-finan. A 2007 ya sake aiki da Zemeckis a Beowulf, inda aka naɗi motsin jikinsa da na'ura aka gina dodo a kai. A wannan karon ya sa hannu, an kuma biya shi.

Daga roba zuwa kwamfuta

Abin da ya ci masu kwalliya sa'o'i a 1989, yanzu manhaja na yinsa. A 2020 wani bidiyo ya zagaya intanet inda aka ɗora fuskokin Tom Holland da Robert Downey Jr. a kan na Fox da Lloyd, har wasu suka zaci sabon fim ne. A 2024 Zemeckis da kansa ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya mayar da Tom Hanks da Robin Wright matasa a fim ɗin Here, da yardarsu.

Wannan na cikin manyan dalilan yajin aikin ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA, mai mambobi kimanin 160,000, daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamban 2023, kwana 118. Yarjejeniyar da aka cimma ta ce kafin a ƙera kwafin ɗan wasa a kwamfuta sai an nemi izininsa a fili, an faɗa masa abin da za a yi da kwafin, an kuma biya shi. Kimanin kashi 78 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun amince.

Dokokin Kalifoniya biyu, waɗanda Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumban 2024, sun ɗora a kan haka. AB 2602 ta ce sharaɗin kwantiragi da ya ba kamfani damar amfani da kwafin mutum ba ya aiki idan ba a fayyace amfanin ba kuma mutumin bai samu wakilcin lauya ko ƙungiya ba. AB 1836 ta hana a ƙera kwafin ɗan wasan da ya mutu ba da izinin magadansa ba, sai a wasu keɓaɓɓun wurare kamar labarai da sharhi da barkwancin suka.

Kamfanoni na cewa sun daɗe suna gyaran fuska da cika taro da kwamfuta, kuma takura mai yawa za ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ta hana fina-finan tarihi. Shugabannin ƙungiya na cewa sun samo kariyar da babu ita a da. Masu suka daga cikin gida, irin su Justine Bateman, wadda ita ce ta fito 'yar'uwar Fox a Family Ties, na cewa tsugune ba ta ƙare ba: kamfani na iya ƙin ɗaukar wanda bai sa hannu ba, kuma ba a hana ƙera ɗan wasan da babu shi a duniya daga haɗakar fuskokin mutane da yawa ba.

Wa abin ya fi shafa

Babban jarumi yana da lauyoyi, yana iya cewa a'a. Wanda ke tsaka mai wuya shi ne ƙaramin ɗan wasa da mai fitowa cikin taro ba magana, wanda ake biya a kan kwanakin aiki. Idan aka ɗauki siffarsa a rana ɗaya aka riƙa saka ta, sauran kwanakin sun tafi. Ƙa'idar yanzu ta ba shi ikon a tambaye shi a biya shi, amma ba ta ba shi tabbacin za a sake kiransa idan ya ƙi ba.

Ga mai kallo, illar ta fi zuwa ta hanyar tallan bogi. A 2023 Tom Hanks ya fito ya gargaɗi mutane cewa wani tallan inshorar haƙori da ke yawo da fuskarsa ba shi ba ne. Mai irin wannan zamba ba ya cikin wata yarjejeniya da ƙungiya, sau da yawa ma ba ya cikin Amurka. An gabatar da ƙudurin dokar tarayya mai suna NO FAKES a majalisar Amurka a 2024, aka sake gabatar da shi a 2025, don a samu ƙa'ida ɗaya a duk jihohi. Ɗan wasan da ke aiki a Kano ko Legas kuwa, yarjejeniyar SAG-AFTRA da dokar Kalifoniya ba su shafe shi ba, abin da ya sa wa hannu da furodusa da dokokin ƙasarsa su ne abin dogaronsa.

Maganar kashi na huɗu

Zemeckis da Gale sun sha nanata cewa ba za a yi na huɗu ko a sake sabo ba muddin suna raye, kuma kwantiraginsu ya ba su ikon hanawa. Gale ya ce babu Marty sai da Fox. Abin da suka amince da shi shi ne wasan dandamali mai waƙe-waƙe, wanda aka fara a Manchester a 2020, ya koma Landan a 2021, ya isa New York a 2023, da sababbin 'yan wasa da kowa ya san ba su ne na fim ba.

Ko da za su canza shawara a nemi dawo da Marty ɗan shekara 17 da kwamfuta, sai Fox ya sa hannu a takardar da ta fayyace abin da za a yi da fuskarsa da muryarsa. Idan kuma ana son George McFly da kamanninsa na 1985, sai an koma wajen Crispin Glover.